Kaka a Aboabo

Littafin da aka aiko mana kyauta ya ce:
idan kaka ta zo, ganye kan yi ja ya zube.
Na karanta musu da ƙarfi.
Fulera ta ɗaga hannu, majina a hanci:
"Madam, kakata ta zo tun jiya daga Yendi,
kuma babu abin da ya zube."

Na yi dariya har alli ya suɓuce mini.
Ta yaya zan faɗa wa 'yar shekara huɗu
akwai ƙasar da itatuwa ke tuɓe riga rana ɗaya,
ga Kumasi ta taga kore shar,
ruwan daren jiya bai gama ɗiga daga kwano ba?

Sai na rufe littafin.

Da sassafe na tare Baba Isaka a bakin ƙofa,
tsintsiya a hammata, ashana a aljihu.
"Yau kar ka share, kar ka ƙona."
Ya dube ni sama da ƙasa:
"Shara ce fa, 'yata."
Ya jingina tsintsiyar dai, yana girgiza kai.

Yara ashirin da uku suka watsu a tsakar gida
kamar an ɓare buhun gero gaban kaji.
Ganyen mangwaro mai launin shayi,
na gwaiba da tsutsa ta yi wa zubi,
na dogon yaro sirara, rawaya,
na gwanda guda, ya fi kan mai ɗauke da shi.
Akosua ta zo da na koko daga gonar kawunta,
busasshe, yana ƙara kamar sabon kuɗi.
Jan da littafi ya yi alkawari
a wurin Hajiya mai shinkafa da wake muka samo shi:
ragowar ruwan karan dafi, rabin gwangwani.

Na dama sitaci a murfin tukunya,
na yanka kwalin sabulu gida-gida.
Fulera ta yi kifi, ta ba shi ƙafafu.
Akosua ta yi motar Kejetiya
da fasinja har kan rufi.
Tanko ya lashe nasa sitacin, ya zo neman ƙari.

Mutala kuwa,
wanda tun farkon zango ban ji muryarsa ba sai a kuka,
ganyen rogo ɗaya ya ɗauka,
mai yatsu biyar, lafiyayye, ko huda babu.
Ina kallo ya kama na biyun
ya tsinke shi daga tsakiya.

Bakina ya riga ya buɗe.
"Kai, ka ɓata" na kan harshena.
Ya danna ganyen a kwali da tafin hannu,
ya shafa, ya sake shafawa,
sannan ya ce, ba da ni ba, da kwalin:
"Hannun Baba."

Na tuna mutumin da ke kawo shi a babur,
baƙin man Suwame a ƙarƙashin farce,
yadda yake miƙo kuɗin makaranta da hagu
yana ba da haƙuri.

Na haɗiye maganata. Ta yi ɗaci, ta wuce.

Mun rataye su a igiyar shanya, jikin bango.
Kafin Juma'a tururuwa sun gano sitacin,
kifin ya nannaɗe, motar ta zubar da fasinja,
akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye gwandar.
Ba wanda ya yi kuka sosai.

Ɗaya ne kawai ba ya kan igiya.
Ran Laraba na gan shi a gaban babur,
an sa shi cikin leda, an ɗaure da waya,
yatsu huɗu da rabi suna kaɗawa
har suka sha kwanar masallaci.

Yau Baba Isaka ya tsaya da tsintsiya,
ya duƙa, ya ɗaga wani ganye yana juyawa:
"Madam, wannan fa?
Na share, ko da mai shi?"